Ƙugiyar Wasa ta Yara: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Ta da Kayan Gida

Da an ba da hutun makaranta a Kaduna, yara ba sa rasa abin ƙerawa. A da motar gwangwani ce da ta kara. Yanzu kuwa, saboda katun da wasannin waya, sai ka ji yaro ya dage a haɗa masa ƙugiyar nan mai yatsu da ake wurgawa ta kama abu. Ga tambayoyin da iyaye da yayye da malaman firamare suka fi yi a kanta.

Wace irin ƙugiya ake nufi? Irin ta ciro guga ce?

Ita ce, sai dai ƙarama kuma marar ƙarfi. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da rijiya, ko a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi, ya san ranar da igiya kan tsinke guga ya nutse, a tashi yaro a ce, "Je ka gidan Malam, ka ce Inna tana gaishe su, wai a ara mata ƙugiya." Ƙarfe ne mai zobe a sama, da yatsu uku ko huɗu a ƙasa waɗanda suka lanƙwaso suna kallon sama. A zura ta, a yi ta lalube har yatsa ɗaya ya cafki gugan.

Ta wasa ma aikinta ke nan: a wurga ta, ta kamo abu marar nauyi, a jawo shi. Silifas ɗin da ya haye rumfa, ƙwallon tsumma da ya maƙale a ƙaramin reshe, bokitin roba da aka ajiye a tsakar gida don gasa. Abu take jawowa zuwa ga yaro. Ba ta ɗaga yaro zuwa ga abu, kuma duk shawarar da ke ƙasa a kan wannan ta ginu.

Me da me zan tanada?

Ya danganta da girman da ake so. Idan 'yar mitsitsiya ce ta yi wa sojan roba ko 'yar tsana, kilif na maƙale takarda guda uku, zaren ɗinki da ɗigon gam sun wadatar.

Idan ta wurgawa a tsakar gida ce, a nemi hangar waya guda ɗaya irin ta rataye kaya, da filaya, da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, da noti ɗaya ko biyu, da siririyar waya ta ɗauri, da igiya. Siririyar wayar nan da magina ke ɗaure rodi da ita ta yi daidai. Noti kuwa bakaniken babur na unguwa zai ba ka tsoho ba tare da ya ɗaga kai ba. Idan za ka wuce wurin mai faci, karɓo guntun robar tiyub ɗin keke, irin wadda yara ke yanka su yi danƙo, domin ta fi salatif riƙo kuma rana ba ta narkar da ita ta yi danƙo a hannu.

Kada a lanƙwasa cokula masu yatsu na gida. Suna da tsini huɗu-huɗu, kuma uwargida za ta ƙirga kayanta.

Yaya ake haɗa 'yar ƙaramar ta kilif?

A warware kowane kilif ya miƙe, a bar lanƙwasa ɗaya a ƙarshensa. A haɗa ukun baya da baya, lanƙwasoshin na kallon waje. A naɗe jikin da zare sosai, a ɗiga gam a kai, a bari ya bushe. A lanƙwasa saman ɗaya daga cikinsu ya zama zobe, a ɗaura zare. Shi ke nan. Idan sufa gulu za a sa, babba ne zai ɗiga, don yana manne yatsu nan take.

Ta hanga fa? A yi mini bayanin dalla-dalla.

Da farko a warware murɗin da ke wuyan hangar, a miƙar da ita. Za ka samu waya mai tsawon kusan mita ɗaya. A yar da wurin murɗin, don ya riga ya gaji, a fitar da guda biyu masu tsawon kamu ɗaya kowace, wato kusan santimita 40 zuwa 45. Idan filayar ba ta yanka, a kama wayar a wuri ɗaya a yi ta lanƙwasawa gaba da baya, za ta yi zafi ta karye da kanta. Bakin da ya karye yana da kaifi, don haka a goga shi a kan siminti ko dutse har ya yi sumul kafin a ci gaba.

Sai a ninka kowace waya biyu daga tsakiyarta, a kewaya ta a jikin biro ko babbar ƙusa domin wurin ninkin ya zama zobe. Yanzu kana da abu biyu, kowanne da zobe a sama da ƙafa biyu a ƙasa. A haɗa su wuri guda, zobe kan zobe, ƙafafu huɗu a jere. Amfanin wannan hanya shi ne babu yatsan da zai zare ya fita shi kaɗai, domin kowane yatsa da ɗan'uwansa waya ɗaya ce, kuma ɗaurin igiya ya ratsa ta zobensu duka. Masu yanka waya uku daban-daban su naɗe da salatif kawai, ja biyu ko uku yatsa ɗaya zai saɓule.

Kafin a lanƙwasa komai, a zura noti ta ƙafafun, a tura shi zuwa tsakiyar jiki, wurin da yatsun za su fara rabuwa. Nauyin ya zauna kusa da yatsu, ta haka ƙugiyar za ta tafi da kanta a gaba, igiya na bin ta. A naɗe daga ƙasan zobe zuwa kan notin da siririyar waya, naɗi kusa da naɗi, a murɗe ƙarshen, a kwantar da shi.

Sai lanƙwasa yatsu. Kada a karya su da filaya su yi kusurwa. A ɗora kowanne a jikin muciya ko wuyan kwalba a zagayo da shi a hankali, ya yi rabin da'ira yana komawa wajen zobe. A baza su gabas, yamma, kudu, arewa. Idan ka riƙe ta ta zobe, ta yi kama da ƙarafan buɗaɗɗiyar lema da aka riƙe kanta ƙasa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ba a tsallakewa: kashe tsini. A kama ƙarshen kowane yatsa da filaya a ninke shi kan kansa, ya zama ɗan dunƙule. Sannan a naɗe shi da salatif har ya kai kaurin kan ɗan yatsa. A rufe jikin duka da robar tiyub. Babba ya murza ta a tafin hannunsa da bayan hannunsa. In ta karce shi ko kaɗan, aiki bai ƙare ba.

Yatsu uku ko huɗu, wanne ya fi?

Dukansu suna aiki. Hikimar ita ce duk ta yadda ƙugiya ta faɗi, a samu yatsan da ke fuskantar ƙasa ko abin da ake son kamawa. Mai yatsa ɗaya ko biyu kwantawa take yi shafe, ta zame ta dawo hannu babu komai. Mai uku ana raba yatsunta daidai wa daida, digiri 120 tsakanin kowane biyu, mai huɗu kuma digiri 90. Da wayar hanga huɗu ta fi sauƙi, saboda ninki biyu ne kawai. Fiye da huɗu ƙarin nauyi ne da ƙarin abin tsokane ido.

Wace igiya ta dace, kuma yaya tsawonta?

Siririya marar nauyi. Zaren buhu da aka tufka biyu, ko siririyar igiyar shanya, ko igiyar rama 'yar sirit. Mita 3 zuwa 4 ya isa tsakar gida, wato gaba biyu na babban mutum ko fiye kaɗan. Doguwar igiya harɗewa take yi a ƙafa, kuma ita ce ke kai ƙugiya inda ba a so ta kai.

Ga wata dabara da nake ganin ta fi komai muhimmanci a haɗin nan. Kada a ɗaura igiyar kai tsaye a zoben. A yi mata ɗan madauki a ƙarshe, sannan a haɗa madaukin da zoben da zaren ɗinki zagaye uku ko huɗu. Wannan zare ya isa ya jawo silifas ko bokitin da babu ruwa. Amma da yaro ya rataya nauyinsa, ko ya yi fizgar ƙarfi, zaren zai tsinke, igiyar ta dawo hannunsa a sake. Da gangan aka raunana ta. Yaro zai yi ƙorafi cewa tasa ba ta da ƙarfi, a bar shi ya yi.

A ɗaya ƙarshen a yi babban ƙulli na riƙewa. Ba a yin zarge, kuma ba a ɗaura igiyar a wuyan hannu, ko ƙugu, balle wuya.

Yarona ya ce zai hau katanga da ita yadda yake gani a katun. Idan na ninka wayar sau da yawa za ta ɗauke shi?

Hajiya, ba za ta ɗauke shi ba, kuma kada a gwada. Wayar da kika lanƙwasa da hannunki, nauyin yaro zai miƙar da ita cikin sauƙin da kika lanƙwasa ta. Abin da ya fi muni shi ne ba ta miƙewa tun yana ƙasa. Sai ya ɗaga ƙafa ya yi taku biyu ko uku a jikin bango, yana jijjiga, sannan ta buɗe. Duk yunƙurin da ya yi na hawa yana ɗora wa ƙugiyar fiye da nauyin jikinsa, domin fizga ta fi rataya ƙarfi. Ya faɗo ta baya, ƙeya a siminti, ƙugiyar kuma ta biyo shi a fuska.

Ko da ƙugiyar ta riƙe, abin da ta kama fa? Bulo na saman katanga sau da yawa shi ne mafi rauni a ginin, kuma katangu da dama a Kaduna fasassun kwalabe ne a kansu ko waya mai ƙaya. Bakin kwano yankan igiya yake yi. Reshen mangwaro da ya bushe ba ya sallama kafin ya karye. Shi ya sa ƙara wa abin wasan nan ƙarfi ƙara masa haɗari ne, domin yana sa yaro ya amince da shi.

To su na gaske da ake hawa da su fa, akwai su?

Akwai, kuma sun daɗe a duniya. Rumawa sun yi amfani da su a yaƙin teku, su kama jirgin abokan gaba su jawo shi kusa. A shekara ta 36 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kwamandansu Agrippa ya yi amfani da wata da ake harbawa daga nesa a yaƙin da aka gwabza a gabar Sisili. A Japan ma mayaƙan zamanin da suna da igiya mai ƙugiya ta hawan ganuwa. Masu ƙananan jiragen ruwa har yau suna amfani da anka mai wannan siffa.

A ranar 6 ga Yuni 1944, sojojin Amurka sun hau wani tsaunin gabar teku mai tsawon kusan mita 30 a Pointe du Hoc da ke Normandi a Faransa, da ƙugiyoyin da roka ke harbawa sama. Duk da horon da suka sha, igiyoyi da yawa sun jiƙe da ruwan teku, suka yi nauyi, ba su kai saman ba. Wannan labari yana da daɗin ba yaro mai son hawa: ƙarfe na gaske, roka na gaske, ƙwararrun mutane, amma jiƙewar igiya kaɗai ta kusa ɓata musu aiki.

Me zai hana in kai wa mai walda a Panteka ya yi mana mai kyau da rodi?

Zai yi, kuma zai yi ta da kyau, don masu aikin ƙarfe na Panteka sun ƙera abin da ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Idan ta rijiya kake so, can ne wurin zuwa. Amma ƙugiyar rodi ta tashi daga abin wasa. Nauyinta ya isa ya fasa kai ko gilashin mota, kuma ba ta miƙewa, wanda ke nufin yaro zai iya ratayuwa da ita ya hau inda bai kamata ba.

Akwai kuma maganar ido. Matashi ɗauke da ƙugiyar ƙarfe da naɗin igiya yana zagaya katangun mutane da magariba, 'yan sintirin unguwa ba za su fara da tambayarsa wane katun ya kalla ba. Ko ta hanga ma a tsakar gida ko filin makaranta ake wasa da ita, da rana, ba a yawo da ita layi-layi.

Ina ne ba a wurga ta?

Kusa da wayar nepa, ko kusa da taransifoma, ko a ƙarƙashin wayar da ta taso daga turke ta shiga gida, wadda a unguwanni da yawa ta yi ƙasa sosai. Wutar cikin gida volt 230 ce, kuma ta isa ta kashe mutum. Wayoyin kan titi akwai masu ɗauke da 415, akwai masu 11,000, akwai masu 33,000. Manyan nan ba sai an taɓa su ba, kusantarsu da ƙarfe kaɗai yana sa wuta ta yi tsalle. Igiya kuma in ta jiƙe, ko ta sha laka da gumi, wuta tana bi ta cikinta, ga shi damina a Kaduna tana ɗaukar wata biyar zuwa shida. Kada a ce ai an ɗauke wuta. Ba a sanar da kowa lokacin da za a dawo da ita.

Idan tsautsayi ya sa ta maƙale a waya, a saki igiyar, a kori yara daga wurin, kada a sa gora ko sanda, a kira ma'aikatan kamfanin wuta.

Sauran wuraren: bakin rijiya, gefen kwalbati lokacin ruwa, bakin Kogin Kaduna, titi, kan dabba, kan mutum. Da bishiyar maƙwabci. Mangwaron da aka fizgo da ƙugiya ba tare da izini ba sunansa bai canza ba.

Daga shekara nawa ya kamata a ba yaro?

A ganina ta waya sai ɗan shekara 8 zuwa sama, shi ma da babba a kusa. Yanka da lanƙwasawa aikin babba ne, naɗi da ado aikin yaro. 'Yan ƙasa da haka a yi musu ta roba: a tara kawunan hangar roba guda uku da suka karye, a goge bakin karayar, a haɗa su baya da baya a naɗe da robar tiyub. Tana kama marikin bokiti sarai, kuma ko ta faɗo a ka ba ta wuce "wash".

Yaron da bai kai shekara 3 ba kada ya kusanci ko ɗaya. Noti da kilif baki suke tafiya, igiya kuma wuya. Wasu suna manna maganaɗiso a ƙarshen ƙugiya don ɗaukar murafun kwalba. In gidan akwai mai rarrafe a haƙura, domin ƙananan maganaɗiso biyu da yaro ya haɗiye suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi.

'Yan mata kuwa a ba su filayar su ma. Mai iya kitso ba za ta kasa naɗin waya ba.

Mun haɗa, amma ba ta kama komai. Me muka yi ba daidai ba?

Yawanci ɗayan abu huɗu ne. Yatsun sun rufe da yawa, babu ƙofar da abu zai shiga, sai a ɗan buɗe su har yatsun hannu biyu su wuce. Ko ƙugiyar ta yi sakayau igiyar ta fi ta nauyi, sai a ƙara noti ko a sauya igiya. Ko ana wurga ta kan abin kai tsaye, alhali wuce shi ake yi, ta faɗi a bayansa, sannan a jawo. Ko kuma gaggawa: jan da aka yi da sauri tsalle yake sa ta, ta haye abin ta wuce. A ja sannu-sannu, in an ji ta ciza a ɗan dakata, sannan a ci gaba.

Jifan ma da yadda ake yin sa. A zube igiyar a ƙasa a sake, a riƙe ƙullin ƙarshe da hagu, a bar ƙugiyar ta yi reto kamar kamu ɗaya daga hannun dama, a lila ta gaba da baya a gefen jiki, a sake ta lokacin da ta taso gaba. Ba a juya ta a saman kai. Masu kallo su koma gefe can, kada su tsaya gaba ko baya.

Wane wasa za a yi da ita a makaranta?

Malama, a ja layi a ƙasa, a jera bokitan roba ko kwanduna a nesa daban-daban, na kusa maki ɗaya, na nesa maki uku. Kowane ɗalibi jifa uku, ɗaya bayan ɗaya, ƙugiya ɗaya tak a fili. Daga nan darasi yake fitowa da kansa: a cire notin a gani ko za ta kai, a jiƙa igiyar a gwada, a kwatanta mai yatsa biyu da mai huɗu a ƙirga wadda ta fi kamawa a jifa goma. Yara su rubuta sakamakon a allo da kansu.

Idan waya ta yanki yaro ko ta soke shi?

A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a rufe. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki. Idan sukar ta yi zurfi, ko wayar ta sha ƙasa, a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanos, a tafi da katin rigakafinsa in yana nan. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, don haka waya mai sheƙi da ta kwana a turken awaki ba ta fi mai tsatsa aminci ba. Idan ido ne, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro komai, a rufe shi ba tare da dannawa ba a nufi asibiti nan take.

Ta maƙale a reshe ta ƙi saukowa. A hau a ciro?

A'a. A saki igiyar ta yi sako-sako, a kaɗa ta sama da ƙasa, sau da yawa ƙugiyar kan ɗago ta faɗo da kanta. In ta ƙi, a matsa gefe a ja ta wata fuskar, a kawar da kai, domin ƙugiyar da ta kuɓuce ƙarƙashin ja hanyar igiya take biyowa, wato wajen mai ja. In reshen bai yi nisa ba kuma babu waya a kusa, babba ya tura ta da gora daga ƙasa. In duk bai yi ba, a ja har zaren ɗinkin nan ya tsinke, a naɗe igiya, a nemi wata hangar.